Tarihin Yawon Gaɓar Alaska: Yadda Jirgin Ruwa da Layin Dogo Suka Tsara Hanyar Matafiya

Gaɓar kudu maso gabashin Alaska, wadda take a ƙarshen arewa maso yammacin nahiyar Amurka ta Arewa, yanki ne na tsibirai da duwatsu da dazuzzuka wanda a tsakaninsa da babbar ƙasa akwai wata doguwar mashigar ruwa da ake kira Inside Passage, mai tsawon kimanin kilomita 1,600 daga kusa da birnin Seattle zuwa garin Skagway, kuma tsibiran ne ke kare ta daga igiyoyin Tekun Fasifik. Da yawa daga cikin masu ziyartar yankin a yau suna raba tafiyarsu gida biyu, wato mako guda a cikin jirgin ruwan shaƙatawa da ke bin gaɓar, sannan wasu kwanaki a tudu don ganin tsakiyar ƙasar, ko dai a ƙarƙashin kulawar kamfani ko kuma bisa tsarin da mutum ya yi wa kansa. Wannan rabuwa ta samo asali ne daga yanayin ƙasar da kuma wasu shawarwari da hukumomi suka yanke fiye da shekara ɗari da suka wuce, waɗanda har yau su ne ke ƙayyade inda matafiyi zai sauka da hanyar da zai bi.

Tun kafin zuwan Turawa, al'ummomin Tlingit da Haida da Tsimshian ne suka mallaki waɗannan ruwaye, suna zirga-zirga da manyan kwale-kwalen da suke sassaƙawa daga gungumen itace guda, kuma 'yan Tlingit ne ke riƙe da hanyoyin duwatsu irin su Chilkoot da fatauci ke bi zuwa cikin ƙasa. Bayan da Amurka ta sayi Alaska daga hannun Rasha a 1867 a kan dala miliyan 7.2, jiragen ruwa masu aiki da tururi sun soma kai wasiƙu da kaya zuwa Sitka da Wrangell, sai dai fasinjojinsu na farko sojoji ne da 'yan kasuwa da masu wa'azin Kirista. Abin da ya jawo hankalin masu yawon buɗe ido shi ne rubuce-rubucen masanin halittu John Muir, wanda a 1879 'yan Tlingit suka kai shi cikin kwale-kwale zuwa mashigar Glacier Bay, inda ya ga kogunan ƙanƙara, wato tarin dusar ƙanƙara da ta daskare tsawon ƙarnuka har ta zama dutse mai gangarowa a hankali zuwa teku. A 1883 Kyaftin James Carroll ya shigar da jirginsa mai suna Idaho cikin mashigar ɗauke da 'yan kallo, a cikinsu har da marubuciya Eliza Scidmore, wadda littafinta na 1885 ya zama jagora ga waɗanda suka biyo baya. Wannan ciniki ya bunƙasa har zuwa watan Satumba na 1899, lokacin da girgizar ƙasa ta farfasa bakin ɗaya daga cikin kogunan ƙanƙarar ta cika mashigar da manyan gutsattsari, abin da ya hana jirage kusantar wurin na tsawon shekaru.

A wannan zamani na farko, yawon Alaska yawo ne na ruwa zalla, domin babu hanyar da baƙo zai bi ya shiga tudu. Zinariya ce ta buɗe ƙofar farko, bayan an gano ta a yankin Klondike na Kanada a watan Agusta na 1896, inda kimanin mutum 100,000 suka kama hanya, ko da yake waɗanda suka isa ba su kai rabin wannan adadi ba. Wahalar tsallake duwatsu da kayan abincin shekara guda, wanda hukumomin Kanada suka wajabta wa kowane mai shiga, ita ta sa aka gina layin dogo na White Pass daga Skagway zuwa Whitehorse tsakanin 1898 da 1900. Layin ya daina aiki a 1982 sakamakon rufe ma'adinan da yake yi wa jigila, aka kuma sake buɗe shi a 1988 domin fasinjojin jiragen shaƙatawa, waɗanda su ne abokan cinikinsa har yanzu.

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi muhimmanci ga tafiyar tudu, ita ce layin dogon Alaska, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta amince da gina shi a 1914, ya kuma haɗa tashar jiragen ruwa ta Seward da garin Fairbanks a nisan kimanin kilomita 750. Birnin Anchorage, wanda shi ne mafi girma a jihar a yau, ya samo asali ne a 1915 a matsayin sansanin ma'aikatan wannan layi, kuma Shugaba Warren Harding ne ya buga ƙusar ƙarshe a Nenana a watan Yuli na 1923. Da yake layin ya ratsa ta gefen gandun dajin da aka kafa a 1917 a kewayen dutse mafi tsayi a nahiyar, mai mita 6,190, wanda 'yan asalin yankin ke kira Denali, sai ya zamana a karon farko mutum zai iya sauka daga jirgin ruwa a Seward ya hau jirgin ƙasa ya isa ƙofar gandun. Tsarin da ake bi a yau, na ruwa sannan dogo, tun daga wannan lokaci ya kafu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura sun sauya, domin jiragen sama da kuma babbar hanyar mota ta Alaska, wadda sojoji suka gina a 1942, sun ƙwace fasinjojin jiragen ruwa, har kamfanin Alaska Steamship ya daina ɗaukar mutane a 1954. Wani tsohon matuƙin jirgin sama mai suna Chuck West, wanda ya soma shirya wa baƙi tafiye-tafiye a Fairbanks a 1947, shi ne ya cike wannan giɓi ta hanyar haɗa jirgin ruwa da motocin safa da masaukai a cikin farashi guda, kuma a farkon shekarun 1970 kamfanin jiragen ruwa na Holland America ya sayi hannun jari mafi rinjaye a kamfaninsa na Westours. Kamfanin jiragen ruwa na Princess ya bi wannan sawu, inda ya gina masaukansa ya kuma samar da taragunsa da ake jona wa jirgin ƙasan Alaska. A ɗaya ɓangaren, gwamnatin jihar ta ƙaddamar da jiragen fito a 1963 domin garuruwan da hanyar mota ba ta isa gare su, ciki har da Juneau, babban birnin jihar, kuma waɗannan jirage ne suka zama madogarar masu son tafiya da motarsu ko da jakarsu ba tare da kamfani ba.

Akwai kuma wata tsohuwar doka da ta fi kowane kamfani tasiri a kan tsarin tafiyar, wato dokar jigilar fasinjoji ta 1886, wadda ta hana jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa ɗaukar fasinja daga wata tashar Amurka ya sauke shi a wata tashar Amurka. Tun da kusan dukkan manyan jiragen shaƙatawa a ƙasashen waje aka yi musu rajista, sai tafiyar ta kasu iri biyu. Jirgin da ya tashi daga Seattle dole ya komo Seattle bayan ya yada zango a wata tashar Kanada, galibi Victoria, don haka galibi ba ya kaiwa inda layin dogon Alaska yake; wanda kuma zai ɗauki fasinjoji ko ya sauke su a tashar Seward ko ta Whittier dole ne ya taso daga tashar wata ƙasa ko ya ƙare a can, galibi Vancouver ta Kanada. Saboda haka duk mai niyyar ƙara tafiyar tudu a kan ta ruwa, jirgin da ke tafiya ta fuska ɗaya yake nema, tare da fasfo da izinin shiga ƙasashen biyu idan ƙasarsa na buƙatar biza. Ƙarfin dokar ya bayyana a 2021, lokacin da Kanada ta rufe tashoshinta saboda annobar korona, har sai da Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar sassauci ta wucin gadi kafin jirage su koma Alaska.

Tafiyar tudu mai zaman kanta ta samu sauƙi ne da kammala hanyar mota ta George Parks a 1971, wadda ta haɗa Anchorage da Fairbanks ta ƙofar gandun Denali, da kuma buɗe hanyar ƙarƙashin dutse ta Whittier ga motoci a 2000, inda mota da jirgin ƙasa ke karɓa-karɓa a kan layi guda. Sai dai yawan baƙin da sabuwar hanyar ta kawo ya sa hukumar gandun ta taƙaita shigar motocin jama'a tun daga 1972, ta yadda mai motar haya ba ya wuce kimanin kilomita 24 na farkon hanyar gandun, daga nan sai ya hau motar safa, kuma a watan Agusta na 2021 zaizayar ƙasa ta datse hanyar a wajen tsakiyarta. Haka nan a ruwa, manyan jirage biyu kacal ake bari su shiga Glacier Bay a rana, birnin Juneau kuma ya cimma yarjejeniya da kamfanoni a kan kada manyan jirage su wuce biyar a rana daga 2024.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne 'yancin mai shirya wa kansa tafiya yana da iyaka, domin lokacin yawon galibi bai wuce daga Mayu zuwa Satumba ba, hanyar dogo guda ce, masaukan da ke ƙofar Denali kuma kamfanonin jiragen ruwa ne suka mallaki manya daga cikinsu. Ribar da yake samu ita ce ikon zaɓar yawan kwanakin da zai yi a kowane zango, amma sai ya kama masauki da mota da kujerar jirgin ƙasa watanni kafin tafiyar, ya kuma ware yini guda ga nisan kimanin kilomita 380 da ke tsakanin Anchorage da ƙofar gandun, wanda jirgin ƙasa ke cinyewa a cikin kusan awa takwas.