Matsin karatu da tarbiyyar ɗalibai: Abin da bincike ya gano

A watan Nuwamban kowace shekara, hukumomin Koriya ta Kudu kan dakatar da tashi da saukar jiragen sama na kimanin minti 35, domin kada ƙararsu ta dami ɗaliban da ke sashen sauraron Turanci na jarrabawar shiga jami'a da ake kira Suneung. Ɗalibai kusan rabin miliyan ne ke zaman wannan jarrabawa, kuma ma'aikatun gwamnati da kasuwar hannun jari kan jinkirta buɗewa da sa'a guda saboda a rage cunkoso a kan hanya.

Iyaye da malamai da dama sun yi imanin cewa irin wannan matsi shi ne ke koya wa yaro juriya da ladabi. Sai dai binciken masana ilimi da halayyar ɗan Adam bai goyi bayan wannan ra'ayi baki ɗaya ba.

Girman matsalar

A shekara ta 2015 ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ci gaban tattalin arziki ta gwada ɗalibai 'yan shekara 15 kimanin 540,000 a ƙasashe da yankuna 72, a ƙarƙashin shirinta na PISA. A ƙasashen ƙungiyar, kashi 66 cikin ɗari na ɗaliban sun ce suna fargabar samun sakamako maras kyau, yayin da kashi 55 suka ce hankalinsu kan tashi ko da sun shirya wa jarrabawa sosai. 'Yan mata sun fi maza bayyana wannan damuwa.

Rahoton ya nuna cewa fargabar ba ta da alaƙa sosai da yawan jarrabawar da ake yi. Abin da ya fi tasiri shi ne ko ɗalibi yana jin cewa malaminsa na taimaka masa idan ya kasa fahimtar darasi.

Masana sun bayyana cewa ɗan tsoro kaɗan kan sa mutum ya mai da hankali, amma idan ya yi yawa yakan cinye ɓangaren tunanin da ake riƙe bayanai da shi yayin warware tambaya. A shekara ta 2011 Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago sun gano cewa ɗaliban da suka yi minti 10 suna rubuta abin da ke damunsu kafin shiga jarrabawa sun sami maki mafi kyau, musamman waɗanda suka fi fama da tsoro.

Muhimmancin hali

Babu saɓani sosai a kan cewa kamun kai na da tasiri a rayuwa. A birnin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi diddigin yara kimanin 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa waɗanda suka fi kamun kai suna ƙanana sun fi lafiya da wadata a lokacin da suka kai shekara 32, kuma ba su cika shiga laifi ba, ko da an yi la'akari da basirarsu da matsayin iyayensu.

To amma muhawarar ita ce daga ina halin ke fitowa. A wani shahararren gwaji da Walter Mischel ya yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a wajajen 1970, an ajiye wa yaro alewa ɗaya tare da alkawarin ba shi biyu idan ya yi haƙuri bai ci ba. An daɗe ana cewa masu haƙurin sun fi nasara daga baya. A 2018 wasu masana suka sake nazarin batun da yara kimanin 900, suka gano cewa yawancin bambancin yana gushewa idan aka yi la'akari da ilimin uwa da yanayin gidan da yaron ya taso.

Ana iya koyar da hali?

A 2011 Joseph Durlak da abokan aikinsa sun tattara sakamakon shirye-shirye 213 na makarantu da suka shafi ɗalibai fiye da 270,000, inda ake koyar da danne fushi, da zama da mutane, da sasanta rikici. Ɗaliban da suka shiga shirye-shiryen sun fi kyautata ɗabi'a, damuwarsu ta ragu, sa'annan makinsu ya ƙaru. Wannan ya raunana tunanin cewa lokacin da aka ba tarbiyya asara ce ga karatu.

Matakan gwamnatoci

Koriya ta Kudu ta fara aiki da dokar da ta wajabta koyar da tarbiyya a makarantu a watan Yulin 2015, kuma daga 2016 ta ware wa 'yan ƙaramar sakandare zango guda ba tare da manyan jarrabawa ba. A birnin Seoul an hana makarantun ƙarin darasi masu zaman kansu wuce ƙarfe 10 na dare. China ma a watan Yulin 2021 ta taƙaita aikin gida, ta kuma haramta wa kamfanoni cin riba da koyar da manyan darussan makaranta ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare.

Duk da haka, alƙaluman gwamnatin Koriya ta Kudu sun nuna cewa iyaye sun kashe kimanin won tiriliyan 27 a kan ƙarin darasi a 2023, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin wannan shekara. Manazarta na danganta hakan da cewa muddin jarrabawar yini ɗaya ce ke yanke wa yaro jami'ar da zai shiga da aikin da zai samu, da wuya doka kaɗai ta rage gasar.