Ciwon rozase da aikin leza a Faransa: wa ke biyan kuɗin?

Rozase, wanda ake rubutawa rosacée da Faransanci, ciwon fata ne mai daɗewa da ke kama tsakiyar fuska: kumatu, hanci, goshi da haɓa. Fuska takan yi ja tana zafi, ƙananan jijiyoyin jini su fito fili, abin da Faransawa ke kira couperose, wani lokaci ƙuraje su biyo baya. Ya fi bayyana bayan shekara 30, kuma rana, barkono, giya, abin sha mai zafi da damuwa kan tayar da shi. An fi saninsa a jikin fararen fata, amma baƙar fata ma ba ta tsira ba, sai dai jan ba ya fitowa sosai, don haka akan ɗauke shi a matsayin ƙurajen balaga. Yawan shafa man bilicin mai ɗauke da kortizon shi ma yana haddasa wani ciwo mai kama da shi.

Man shafawa irin su metronidazole da ƙwayoyin doxycycline suna kwantar da ƙurajen, amma ba sa gusar da jijiyoyin da suka riga suka buɗe. Nan ne leza ke shigowa: haskensa yana ƙona jijiyar daga ciki har ta rufe. Sau ɗaya ba ya isa, yawanci sai an koma sau biyu zuwa huɗu, kuma ciwon kan dawo bayan wasu shekaru. Zama guda yakan haura Yuro 100, wato sama da jaka 65 na CFA.

Ga ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a Faransa, tambayar ita ce ko hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, Assurance Maladie, za ta mayar da wannan kuɗi. Amsar ta dogara ne ga ajin da aka sanya aikin, ba ga yawan damuwar da ciwon ke jawo wa mai shi ba. Hukumar tana biyan ayyukan da ke cikin kundinta na CCAM ne idan an yi su don magani. Lezan gusar da jan fuska da jijiyoyin couperose kuwa, galibi ana lissafa shi cikin gyaran jiki, saboda haka ba a mayar da ko sisi. A ganina wannan rabo bai yi wa masu ciwon adalci ba, domin wanda fuskarsa ke zafi kamar an watsa mata barkono ba kwalliya yake nema ba. Amma haka tsarin yake.

Akwai abin da ake biya. Ganin likitan fata ana mayar da kashi 70 cikin 100 na farashin da hukuma ta ƙayyade, a cire Yuro 2, muddin babban likitanka, médecin traitant, ne ya tura ka. Idan ka tafi kai tsaye, sai ya faɗi zuwa kashi 30. Likitocin secteur 2 suna da damar ɗora kuɗi a kan wannan farashi, kuma hukumar ba ta biyan ƙarin. Haka nan idan ciwon ya kai matakin rhinophyma, inda fatar hanci ke kauri ta kumbura har ta iya toshe numfashi, ana iya karɓar aikin a matsayin magani.

Sauran fata yana ga mutuelle, wato inshorar ƙari. Yawancinsu suna cika abin da hukuma ta fara biya ne kawai, to idan hukuma ba ta ba da komai ba, su ma ba za su ba da ba. Wasu kwangiloli dai suna da wani kaso na shekara domin ayyukan da hukuma ba ta biya. Kafin a taɓa fuskarka, nemi likita ya rubuta maka devis, takardar ƙiyasin kuɗi, ya bayyana a ciki ko aikin yana da lambar CCAM. Ka haɗa da wasiƙarsa mai bayanin tsananin ciwon da magungunan da aka gwada ba su yi ba, da hotunan fuskar, ka aika wa mutuelle, ka jira amsa a rubuce. Alkawarin da aka yi ta waya ba hujja ba ce. Bayan kowane zama ka karɓi rasiɗi.

Idan ofishin CPAM na yankinka ya ƙi biyan aikin da kake ganin yana cikin kundin, kana da wata biyu ka ɗaukaka ƙara gaban kwamitin recours amiable. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana iya neman tallafi na musamman daga sashen jinƙai na CPAM, ko da yake ba dole ba ne a ba shi.

Mai baƙar fata ya yi wata tambaya kafin ta kuɗi: wane irin leza za a yi amfani da shi? Launin fatarmu yana shan hasken na'urorin KTP da na fitilar IPL, abin da kan bar ƙuna ko tabo mai duhu. Nd:YAG mai tsawon zango 1064 ya fi dacewa da ita, kuma ƙwararren likita yakan fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri, ya jira makonni ya ga yadda fatar ta karɓa.