Daga Birnin Lalle Zuwa Misira: Labarin Azurfar da Ake Ratayawa a Wuya

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dakoro da hantsi, ya bar wajen cinikin bisashe a bayansa, zai ji ƙarar masaba tun bai hango mai ita ba. Maƙerin yana zaune a ƙasa, rawani ya rufe masa baki, gabansa 'yar ƙaramar uwar maƙera da aka kafe cikin rairayi, gefe guda yaro yana matsa zuga-zugi. A kan wani ƙyalle ya shimfiɗa kayan hannunsa: zobba, 'yan kunne, munduwa, wuƙa mai kube, sai kuma wani abin wuya na azurfa mai zobe a ka, ciki mai kusurwa huɗu, da 'yan ƙulle-ƙulle uku a gefe da gindi. Turawa suka laƙaba masa suna gicciyen Agadas, sunan kuma ya bi shi har cikin littattafai. Masu shi, Buzaye, tanagilt suke ce masa, kalmar da ake dangantawa da zuba narkakken ƙarfe.

Dakoro tana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, a daidai inda gona ke miƙa wa makiyaya hannu. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar ta ratsa wannan yanki ne, ta wajen kwarin Tarka. Shi ya sa kasuwannin ƙasar suke haɗa Bagobiri da Buzu da Bafillace da Bororo a inuwa ɗaya, kowa da irin adonsa. A irin wannan mahaɗa ce abin wuyan ya saba yawo, yau a ƙirjin matar Buzu, gobe an ɗinke shi a jikin igiyar adon saurayin Bororo.

To amma da zarar ya isa shagunan Turai, sai a manna masa wani labari. A ce wai jikan ank ne, alamar rai ta Misirawan zamanin Fir'auna, wadda ake gani a hannun gumakansu a bangon kaburbura: madauki a sama, sanda a tsaye, wata a gicciye. Wanda ya ajiye su biyun kusa da juna zai ga dalilin zancen, don akwai kama. Sai dai Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne.

Zancen ya samo asali ne daga Turawan farkon ƙarni na 20. A 1922, shekarar da Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun har duniya ta ruɗe da son kayan Misira, wani Baturen Ingila mai suna Francis Rodd yana yawo a duwatsun Azbin. A 1926 ya fitar da littafinsa kan Buzaye, inda ya tsaya sosai a kan siffar gicciye da ke yawan fitowa a kayan adonsu. Daga nan hasashe ya yi ta haihuwa. Wasu suka ce ank ne, wasu suka ce alamar Tanit ce, gunkiyar mutanen Kartaj da ke Tunisiya ta yau, wasu suka ce ragowar Kiristanci ne, wasu kuma taurarin kudu. A 1954 masanin tarihi Raymond Mauny na cibiyar IFAN a Dakar ya tattara waɗannan maganganu, ya kira al'amarin kacici-kacicin da ba a warware ba. Ya kyauta da ya tsaya nan. Rubutun Fir'aunanci na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi ne a tsibirin Filae a shekarar 394, bayanan tanagilt kuwa sun fara bayyana sosai a takarda ne a zamanin mulkin mallaka. Tsakaninsu akwai shekara dubu da ɗari biyar da yashin Sahara, kuma masu hasashen ba su cike wannan giɓi da komai ba sai kamar da ido ya gani. Akwai kuma wata cuta ta marubutan wancan lokaci da bai kamata a rufe ta ba: in sun ga abu mai kyau a hannun baƙar fata, sai sun nemo masa uba a wata nahiya ko a bakin kogin Nilu kafin hankalinsu ya kwanta.

Abin da ya sa maganar ta fi armashi a Dakoro shi ne, tun kafin Bature ya zo akwai zancen Misira a ƙasar. Ba nisa da garin akwai Birnin Lalle, ɗaya daga cikin tsofaffin biranen sarautar Gobir, inda Gobirawa suka zauna bayan sun baro Azbin, kafin tafiya ta kai su Alƙalawa, wadda ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, daga bisani kuma Tsibiri, da Sarki Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Gobirawa dai ba su taɓa ɓoye cewa daga gabas suka fito ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yaƙe su tsawon rayuwarsa, shi da kansa ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa asalinsu Kibɗawan Misira ne. Wani Bature matafiyi, Clapperton, ya tafi da wani yanki na littafin Ingila, aka buga fassararsa a 1826, Heinrich Barth ma ya maimaita zancen. Kibɗawa kuwa, Kiristocin Misira, sun ɗauki ank ɗin kakanninsu sun mai da shi gicciye a cocinsu na farko. Ga Bagobiri mai alfahari da tsagarsa, wannan sarƙa ta haɗu ke nan. Masana tarihi sun fi taka-tsantsan, domin da'awar fitowa daga gabas ta game gidajen sarauta da yawa, daga Daura zuwa Borno har ƙasar Yarabawa, abokan wasan Gobirawa. Labarin asali yana faɗin yadda mutane ke kallon kansu, wannan kuma darajarsa daban. Ba aikinsa ba ne ya bayyana wanda ya fara zana abin wuya.

Hulɗa da Misira ta gaskiya akwai ta, amma ta malamai da alhazai ce. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ya aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Takrur, wato Yammacin Afirka, cikinsu har da na Agadas da Ibrahim na Katsina. Littattafai da takarda da duwatsun ado sun bi wannan hanya.

Inda tarihin adon ya bar sawu a fili kuwa, sawun ya kan nufi wuraren da ba a zata ba. Ɗauki talhatana, jan dutsen nan mai kusurwa uku da huda a ka, wanda mata ke sa wa a gashi ko a wuya. Masani A. J. Arkell ya nuna a 1935 cewa daga Indiya ake kawo shi, daga garin Kambay mai sana'ar feƙe aƙiƙ, ya biyo ta Makka da hannun fatake. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar da nasa dutsen, masana'antun Bohemiya suka bi da na gilas. Gicciyen da ake kira na Ingal ba wani abu ba ne illa talhatana da aka yi wa gida na azurfa. Ita kanta azurfar, mafi yawanta daga liyari take, kuɗin Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wanda aka yi ta bugawa da shekarar 1780 a jikinsa har bayan mutuwarta da ƙarni. Maƙeri ya narka kan sarauniyar Turai, ya haɗa da dutsen Indiya, ya fitar da abin da duk wanda ya gani zai ce na Azbin ne. Gwanintar tana nan, a wurin haɗawar.

Aikin kansa abin tsayawa a kalla ne. Maƙerin zai murza kakin zuma a tafinsa har ya yi laushi, ya siffanta abin da yake so, ya lulluɓe shi da laka da aka cuɗa da kashin dabba don kada ta tsage. In ta bushe sai ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Cikin gurbin ake ɗura azurfa. Ba yadda za a fitar da ita sai an fasa lakar, don haka kowane abin wuya da nasa mazubin, ba a maimaitawa. Abin da ke fitowa baƙi ne, mai kaushi, ba ya ko kyan gani. Sauran aikin na magagari ne da ɗan tsinken ƙarfe: a goge, a daidaita, sannan a zana layuka da ɗige-ɗige da 'yan da'irori, wasu da sunan idon hawainiya, wasu sawun dila. Wani maƙerin ya kan sa sunansa a baya da tifinag, rubutun Buzaye da ya samo tushe daga tsohon rubutun Libiyawa na fiye da shekara dubu biyu. In ana neman tsohuwar alama a jikin tanagilt, to ga ta nan, a bayansa take, kuma ba a aro ta daga kowa ba.

Waɗannan maƙera su ne inadan, zuriya ce mai gādon sana'a. Mazansu na ƙarfe da itace, su ke yin takobi da sirdin raƙumi mai yatsu uku. Matansu na fata. A nan ne Maraɗi ta shigo da nata rabon, domin fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ita ce aka daɗe ana ketare hamada da ita har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko. Bagaruwa ke jeme ta, karan dafi ya ba ta ja, kuloko ya ba ta baƙi.

Yadda abin wuyan gida ya zama tsaraba labari ne na kwanan nan, kuma rabinsa labarin wahala ne. A 1959 aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yau ke ɗauke da sunan Bubu Hama, aka ware wa masu sana'ar hannu rumfuna a cikinsa suna aiki baƙi na kallo. Fari na 1973 da na 1984 suka karkashe dabbobin iyayengijin inadan, wanda zai sayi sirdi ko ya ba da akuya ladan aiki ya zama shi ma mai neman taimako. Maƙera suka gangara Agadas da Yamai da Kano da Legas da Abijan. Bororon ƙasar Dakoro da Bermo su ma suka shiga birane da sarƙoƙi da kayan ɗinki. Sabon mai saye Bature ne, shi kuwa yana son jeri da suna da labari. A wannan zamani ne jerin gicciye 21 ya kafu, kowanne da garinsa, na Agadas, na Tawa, na Damagaram, na Madawa, na Iferwan, na Bilma, ana jera su cikin allo mai gilas. Bayan rasuwar jagoran Buzaye Mano Dayak a haɗarin jirgin sama a Disamban 1995 aka ƙara wani da sunansa. Labarin da ake yawan ba masu saye, na uba yana miƙa wa ɗansa kusurwoyin duniya huɗu, ya yaɗu tare da kasuwar, alhali a ƙauyuka an fi ganin abin a wuyan mata. A shekarun 1990 kamfanin Hermès na Faransa ya fara ba maƙeran Agadas aikin azurfa, a 2007 kuma aka yi baje kolin fasahar Buzaye a jami'ar Stanford ta Amurka.

Misira ta riga kowa a wannan hanya, kuma ita ma tata tsarabar ba duka ce ta taso daga zamanin Fir'auna ba yankewa. Kasuwar Khan al-Khalili ta Alƙahira an gina ta ne a shekarun 1380, amma takardar bardi mai zanen sarakuna da ake sayarwa a cikinta sana'a ce da ta mutu ƙarnuka da yawa, sai a shekarun 1960 injiniya Hassan Ragab ya farfaɗo da ita. Yau ƙauyen Ƙaramus a lardin Sharƙiyya yana noma ciyawar yana sarrafa ta, masu sassaƙa a yammacin Luksor suna fitar da ank da buzuzu daga dutse. Buzuzun nan dai da yaran Dakoro ke bi yana mirgina kashin shanu, shi ne Misirawan dā suka ɗauka alamar fitowar rana. Bambancin yana wajen mai saye: Misira ta karɓi baƙi kusan miliyan 15 a 2023. Arewacin Nijar kuwa tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 ya kore su, tseren motocin Dakar ya koma Kudancin Amurka a 2009, satar mutane a Arlit a Satumban 2010 ta ƙarasa rufe ƙofar. Ko shigar tsohon garin Agadas cikin jerin UNESCO a 2013 ba ta dawo da su ba.

Maƙerin Dakoro bai taɓa dogara da baƙon sosai ba, wannan ne ma ya rage masa zafin faɗuwar. Cinikinsa na amare ne da masu suna da makiyayan da suka sayar da bijimi. Azurfa ta yi tsada, sai ya koma farin ƙarfe da tagulla, ko mace ta kawo tsohuwar munduwar uwarta a narka a yi mata sabon abu. Samarin gidan kuwa suna ɗaukar hoton kaya da waya su tura wa dillalai a Yamai.

Wata tsohuwar alama ta ƙasar ma ta dawo da ƙafarta. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita biyar, sun girmi dalar Giza. A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga yankin Kure aka sake su a gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955 a arewacin Dakoro, bayan kusan shekara hamsin ba a ga ko ɗaya a wurin ba. Makiyayan da ke gangarowa kasuwa daga wannan ɓangare yanzu suna ba da labarin sun gan su suna cin ganyen ƙaya da sassafe.