Yadda Masu Iyo Suka Koyi Kifa Fuska Cikin Ruwa

A shekarar 1844 aka yi tseren iyo a wani wurin wanka da ke birnin Landan, tsakanin mutum biyu 'yan ƙabilar Ojibwe da suka zo daga Amurka ta Arewa. A kife suka yi iyon, suna wurga hannuwa ɗaya bayan ɗaya, suna dukan ruwa da ƙafafu. Wanda ya yi nasara ya ci nisan ƙafa 130 cikin daƙiƙa 30. Turawan da suka kalla sun yarda akwai sauri, amma suka ɗauki abin rashin kamala ne, suka ci gaba da iyonsu irin na kwaɗo, wanda kai ke sama, numfashi kuma ba ya yankewa.

Salon da suka raina shi ne yau ake kira iyon rarrafe, kuma babu wanda ya fi shi sauri. Motsin hannuwansa bai yi wuyar kwaikwayo ba. A 1873 John Trudgen ya nuna shi a Ingila bayan ya gani a Amurka ta Kudu, sai dai kansa na ɗage bisa ruwa. Wahalar tana wajen numfashi. Jikin mai iyo kamar sikeli yake: idan kai ya ɗaga, ƙugu da ƙafafu su nutse, sai mutum ya koma yana tunkuɗar ruwa da ƙirji. Idan kuma fuska ta shiga ruwa, jiki ya miƙe sarai, amma hanci da baki sun toshe.

A Sidni ta ƙasar Ostireliya aka fara warware wannan ƙulli. Wani yaro ɗan tsibiran Solomon, Alick Wickham, ya zo da salon mutanensa, 'yan gidan Cavill kuma suka mayar da shi abin gasa. A 1902 Dick Cavill ya ci yadi 100 cikin ƙasa da minti ɗaya. Amma masu rarrafen farko riƙe numfashi suke yi, su yi ta bugu fuska a ruwa har sai ƙirji ya ƙi, sannan su ɗago a gigice. Shi ya sa aka daɗe ana ganin salon na gajeren zango ne kawai. Cecil Healy, wanda ya zo na biyu a tseren mita 100 na Olamfik ɗin 1912, shi ake dangantawa da gyara shaƙar iska ta gefe a kai a kai.

Dabarar ba ta da yawa, amma ta saɓa wa ɗabi'ar ɗan Adam. Abin da ke sa mutum jin kamar zai shaƙe, galibi taruwar iskar kabon-dayoksaid ce a jini, kuma riƙe numfashi ƙara tara ta yake yi. Don haka mai iyo yakan fesar da iska ta hanci da baki tun fuskarsa na cikin ruwa, ta yadda ɗan lokacin da baki zai fito na shaƙa ne zalla. Ba ya ɗaga kai. Jikin ne gaba ɗaya ke karkata yayin da hannu ɗaya ke miƙe gaba, kai ya bi shi, kunne ɗaya na cikin ruwa. Kan da ke keta ruwa yana haifar da ɗan kwari kusa da kumatu, kuma a cikin wannan kwarin baki ke samun iska. Wanda ya makara da juyawa, hannun da ke dawowa zai riske shi, ya kurɓi ruwa.

Amurkawa suka ƙara da ƙafa. Charles Daniels ya yaɗa shuri shida a kowane zagayen hannuwa biyu, abin da ke riƙe ƙugu a sama lokacin da ake shaƙa. A 1922 Johnny Weissmuller ya zama mutum na farko da ya ci mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, ko da yake shi kansa yana ɗage kai fiye da yadda masu horarwa na yau za su lamunta.

Gardamar dogon zango kuwa mace ce ta kashe ta. Ranar 6 ga Agusta, 1926, Gertrude Ederle ta ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da iyon rarrafe cikin kimanin awa 14 da rabi, ta riga duk mazan da suka gabace ta da kusan awa biyu. Babu mai shafe yini guda a teku yana riƙe numfashi.

Har yau nisan tsere ne ke yanke yawan shaƙa. Gwanayen mita 50 sukan gama da shaƙa ɗaya ko biyu, wasu ma ba sa yi ko sau ɗaya, alhali na mita 1,500 galibi suna shaƙa a kowane zagayen hannuwa. Masu koyo kuma akan sa su shaƙa bayan bugu uku, dama da hagu bi da bi, don kada jiki ya saba karkata gefe guda.