Sarauta a mahangar Kiristanci: hujjojin masu goyon bayan mulkin sarki da amsar da aka ba su

Fiye da shekara dubu, mafi yawan Kiristocin Turai, na Gabas da na Habasha sun rayu ne ƙarƙashin sarakuna, kuma manyan malamansu sun rubuta littattafai don nuna cewa mulkin mutum ɗaya shi ya fi dacewa da koyarwar addininsu. A yau ƙasashen da ke da sarki sun ragu: 12 a Turai idan an haɗa da Vatican da Andorra, 3 a Afrika, wato Maroko, Lesotho da Eswatini. Duk da haka tambayoyin da muhawarar ta ɗauko suna nan da ransu: daga ina iko yake fitowa, wa zai taka wa mai mulki birki, kuma ta yaya mulki zai wuce daga hannu zuwa hannu ba tare da an zubar da jini ba?

Tushe daga Littafi Mai Tsarki

Hujja ta farko daga Tsohon Alkawari take. A cikin Littafin Sama'ila na Ɗaya, annabi Sama'ila ne ya zuba wa Saul mai a ka, daga baya kuma ya shafe Dawuda. Wannan shafewa ta sa aka ɗauki sarki a matsayin keɓaɓɓe na Allah. Ana yawan kawo labarin babi na 24, inda Dawuda ya samu Saul a cikin kogo, yana da damar kashe shi, amma ya ƙi taɓa shi saboda shafaffe ne. Kalmar Almasihu kanta ma'anarta shafaffe, kuma Kiristoci sun yi imani cewa Yesu daga zuriyar Dawuda ya fito. Masu wannan ra'ayi suna ƙara nuni da ƙarshen Littafin Mahukunta, wanda ya danganta rikicin wancan zamani da rashin sarki a Isra'ila.

A Sabon Alkawari, babi na 13 na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa yana koyar da cewa hukuma daga Allah take kuma wajibi ne a yi mata biyayya. Wasiƙar Bitrus ta ɗaya, babi na 2, ta umarci masu bi su girmama sarki. An rubuta waɗannan ne lokacin da sarakunan Rum ba Kiristoci ba ne, abin da masu goyon bayan sarauta ke ɗauka a matsayin shaidar cewa girman kujerar bai dogara da halin wanda ke kanta ba.

Allah ɗaya, sarki ɗaya

Bayan da sarki Constantin ya halatta Kiristanci a daular Rum a 313, sai aka fara gina hujjar a matsayin ilimin tauhidi. A 336, a bikin cikar Constantin shekara 30 kan mulki, bishop Eusebius na Kaisariya ya yi jawabi inda ya kwatanta daular da mulkin sama: kamar yadda Allah ɗaya ke tafiyar da halitta, haka ya kamata sarki ɗaya ya tafiyar da ƙasa. Daular Rum ta Gabas ta riƙe wannan fahimta har faɗuwar Constantinople a 1453, Rasha kuma ta gaje ta har zuwa 1917. A can ana kallon sarki da shugabannin coci a matsayin hukumomi biyu masu aiki tare, ɗaya na kula da al'amuran duniya, ɗaya na kula da rayuka.

A ƙarni na 13, Thomas d'Aquin, babban malamin Katolika da ya rasu a 1274, ya rubuta ɗan littafi kan sarauta domin sarkin tsibirin Kubrus. Hujjarsa ta hankali ce. Ya ce manufar kowane mulki ita ce haɗin kai da zaman lafiya, kuma abin da yake ɗaya a kansa ya fi iya haɗa kan jama'a fiye da taron masu ja-in-ja. Ya kawo misalai daga halitta: zuciya ɗaya ke motsa jiki, ƙudan zuma shugaba ɗaya gare su, jirgin ruwa matuƙi ɗaya yake so. Amma shi ɗin ne kuma ya ce idan sarki ya zama azzalumi, mulkinsa ya fi kowane mulki muni, domin ƙarfin da ya taru a hannu ɗaya ya fi ɓarna. Saboda haka a babban littafinsa na tauhidi ya fifita tsarin gauraye, inda ake da shugaba ɗaya, da dattawa masu shawara, jama'a kuma na da hannu wajen zaɓe.

Faransa da mai na Reims

Babu inda wannan tunani ya yi jijiya kamar Faransa. Tarihin ya faro daga baftismar Clovis, sarkin Faransawan farko, a birnin Reims ta hannun bishop Remi, wadda a al'adance ake cewa ta faru a 496. A 754 Paparoma Étienne na 2 ya shafe Pépin da mai a Saint-Denis, sannan a ranar Kirsimeti ta 800 Paparoma Léon na 3 ya ɗora wa Charlemagne kambi a birnin Rum. Daga baya naɗin sarki a babbar majami'ar Reims ya zama al'ada, ana amfani da wata ƴar kwalbar mai da aka yi imani daga sama ta zo. Sarki kan yi rantsuwar kare coci da yin adalci kafin a shafe shi. Louis na 9, wanda ya rasu a Tunis a 1270 kuma aka ayyana shi waliyyi a 1297, shi ne abin misali: ana tuna shi yana zaune gindin itace a Vincennes yana sauraron ƙarar talakawa.

Wanda ya tsara hujjar dalla-dalla shi ne Bossuet, bishop na Meaux kuma malamin ɗan Louis na 14. A littafinsa kan siyasa bisa Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga a 1709 bayan rasuwarsa, ya ba sarauta siffofi huɗu. Mai tsarki ce, domin sarki wakilin Allah ne. Irin ta uba ce, domin sarki bai samu iko don kansa ba, don talakawansa ya samu. Cikakkiya ce, domin ba wata hukuma a ƙasa da za ta hukunta shi. Kuma tana ƙarƙashin hankali. Bossuet ya bambanta cikakken iko da mulkin son zuciya: a ganinsa sarki ba shi da izinin ƙwace dukiyar mutane ko taka dokokin gado na ƙasa, kuma hisabin da ke jiran sa a gaban Allah ya fi na kowa tsanani.

A tsibirin Birtaniya, sarki James na 6 na Scotland ya wallafa irin wannan hujja a 1598, kafin ya hau gadon Ingila a 1603. Robert Filmer, a littafin da aka buga a 1680, ya ce ikon sarakuna ya samo asali ne daga ikon da Adamu yake da shi kan iyalinsa, don haka ƙasa babban gida ce, sarki kuma maigida.

Bayan juyin juya hali

An fille kan Louis na 16 a ranar 21 ga Janairu 1793, a wannan shekara kuma aka fasa kwalbar mai ta Reims a bainar jama'a. Marubuta irin su Joseph de Maistre da Louis de Bonald suka sake gina hujjar da sabon salo. Sun ce ba a rubuta tsarin mulkin ƙasa a dare ɗaya kamar takardar ciniki, tsiro yake yi a hankali cikin tarihi ƙarƙashin ikon Allah. Sun kuma nuna zubar da jinin 1793 da 1794 a matsayin abin da ke biyo baya idan mutane suka ɗauka cewa ba wani iko sama da nasu. Naɗi na ƙarshe a Reims shi ne na Charles na 10, a Mayu 1825, kuma shekara biyar bayan haka aka kore shi.

Daga wannan zamani ne hujjojin da ake ji a yau suka fito. Na ɗaya, gado yana cire kujerar ƙoli daga gasa: wanda aka haifa cikinta bai saye ta da kuɗi ba, bai kuma ci bashin wata jam'iyya ba. Na biyu, wanda ya san ɗansa zai gaje shi yakan yi tunanin shekara hamsin, alhali ɗan siyasa na kallon zaɓe mai zuwa. Na uku, bikin naɗi yana tuna wa mai mulki cewa akwai wanda ya fi shi, tunda yana durƙusawa ya yi rantsuwa. Marubucin Birtaniya C. S. Lewis, wanda ke goyon bayan dimokuraɗiyya, ya ƙara wata a 1943: ya ce zuciyar ɗan adam na neman wanda za ta girmama, idan aka hana ta sarki sai ta koma girmama attajirai da taurarin fim.

Habasha

A Afrika, misali mafi daɗewa shi ne Habasha. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi Kiristanci a ƙarni na 4. Musulmi sun san Najashi, sarkin Kirista da ya ba sahabbai mafaka wajen 615. Daga 1270 gidan sarautar ya riƙa danganta kansa da annabi Sulemanu da sarauniyar Saba ta hanyar ɗansu Menelik na farko, labarin da littafin Kebra Nagast na harshen Ge'ez ya tsara a ƙarni na 14. Kundin tsarin mulkin 1955 ya sa wannan nasaba cikin doka, ya kuma ayyana sarki a matsayin mai alfarma saboda jininsa da shafewar da aka yi masa. Haile Selassie, wanda aka naɗa a ranar 2 ga Nuwamba 1930, shi ne na ƙarshe. Sojoji suka tuɓe shi a ranar 12 ga Satumba 1974, bayan yunwar lardin Wollo ta zubar da mutuncin fadar.

Amsar wasu Kiristoci

Masu adawa da wannan ra'ayi ma daga Littafi Mai Tsarki suke ɗauko makamansu. Babi na 8 na Sama'ila na Ɗaya ya nuna cewa jama'a ne suka nace sai an ba su sarki, Allah ya ɗauki hakan a matsayin ƙin mulkinsa, annabin kuma ya gargaɗe su cewa sarki zai kwashi ƴaƴansu maza zuwa yaƙi, ya karɓe gonakinsu, ya ɗora musu haraji. Maimaitawar Shari'a babi na 17 ta hana sarki tara dawakai, mata da zinariya, ta kuma wajabta masa karanta doka kullum. Annabi Natan ya tsawata wa Dawuda kan kisan Uriya, Iliya kuma ya tsaya gaban Ahab kan gonar inabin Nabot. Game da Romawa 13, sun ce nassin yana magana ne kan kowace hukuma, bai ware sarauta ba.

Tarihin coci ma cike yake da irin wannan tsayin daka. A 390 bishop Ambroise na Milan ya tilasta wa sarki Théodose tuba a fili bayan kisan gilla a Tasalonika. A 1077 sarki Henri na 4 ya je Canossa neman gafarar Paparoma Grégoire na 7. Malaman Katolika Bellarmin da Suárez sun ƙalubalanci James, suna cewa iko daga Allah yake amma ta hannun al'umma yake isa ga sarki. John Locke ya rushe hujjar Filmer a 1689, Thomas Paine kuma ya yi amfani da gargaɗin Sama'ila a 1776 don kiran Amurkawa su rabu da sarkin Ingila.

Inda majami'u suka tsaya a yau

Cocin Katolika ba ya ɗaure kansa da wani tsarin mulki. A Fabrairu 1892 Paparoma Léon na 13 ya rubuta wa Katolikan Faransa wasiƙa yana kiran su da su karɓi Jamhuriya, a 1926 kuma Pie na 11 ya yi tir da ƙungiyar Action française mai neman maido da sarki. Babban taron Vatican na 2 ya tabbatar a 1965 cewa zaɓen tsarin mulki da na shugabanni haƙƙin ƴan ƙasa ne, muddin ana kiyaye amfanin kowa. Lokacin da Jean-Bedel Bokassa ya naɗa kansa sarkin sarakuna a Bangui a ranar 4 ga Disamba 1977, Paparoma Paul na 6 bai halarta ba, daular kuma ta rushe a Satumba 1979.

A mafi yawan ƙasashen Turai da sarauta ta rage, majalisa ce ke mulki. Sarkin Denmark dole ya kasance ɗan cocin Luther, na Birtaniya kuma shi ne jagoran cocin Ingila. A ranar 6 ga Mayu 2023 an shafe Charles na 3 a majami'ar Westminster, a bayan labule, da man zaitun na Dutsen Zaitun da aka tsarkake a birnin Ƙudus. Iyakar wannan iko ta bayyana a Beljiyam a Afrilu 1990: sarki Baudouin ya ce lamirinsa bai yarda ya sa hannu kan dokar zubar da ciki ba, sai gwamnati ta ayyana cewa ba zai iya mulki ba na ɗan lokaci, ministoci suka sa hannu a madadinsa, majalisa kuma ta maido shi kan kujera washegari.