Aibin fenti a sabuwar mota

Sabuwar mota ma takan fito daga masana'anta da aibin fenti: ƙura da ta maƙale a ciki, ɗigo da ya daskare, kaushi irin na bawon lemu, ko ƙofar da launinta ya saɓa da na jiki.

A sa a wanke motar, a duba ta da hasken rana kafin a sa hannu a takardar karɓa. Abin da aka gani a rubuta shi nan take, a ɗauki hoto, domin sashe na 1642 na Code civil, wanda Nijar da Chadi suka gada daga Faransa, ya ɗauke wa mai sayarwa alhakin aibin da ke bayyane.

Kada a yi gaggawar kai ta wurin mai fentin unguwa. Kamfani na iya fakewa da hakan ya hana garanti.