Ɗakin Magani na Ƙauye da Abin da Tarihinsa Ya Koya Mana

Kowane ma'aikaci ya san dalilin da ya sa aka ajiye alƙali a gunduma. Da a ce duk mai ƙarar akuya ko iyakar gona sai ya taka har birni, da talakawa da yawa sun haƙura da haƙƙinsu, azzalumi ya ci bulus. To, yadda shari'a ta ke, haka magani ya ke. In ya yi wa mutum nisa, daidai ya ke da babu. Abin da na ke so mu duba ke nan a cikin tarihin ƙananan asibitocin ƙauye.

Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar nan, asibitocin da suka fara ginawa na bariki ne, domin soja da ma'aikatan Gwamnati. Daga baya 'yan mishan suka yi nasu, kamar na Vom a 1922, da na Garkida inda suka sauka a 1923, da na Wusasa inda suka koma daga birnin Zariya a 1929. En'e kuma ta gina manya a birane kamar Kano. Amma mutumin ƙauye, wanda harajinsa ne ya cika baitulmali, in ciwo ya kayar da shi sai a ɗora shi kan jaki, a yi kwana biyu ko uku a hanya. Da yawa ba su kai ba. Waɗanda suka kai kuwa sun kai a makare, shi ya sa aka riƙa cewa asibiti wurin mutuwa ne.

Maganin wannan shi ne ɗakin magani na gunduma, wanda ya yawaita a shekarun 1930. Ba wani babban gini ba ne: ɗaki ɗaya ko biyu da rumfa, da malamin asibiti ɗan ƙasa wanda En'e ta ke biya, likita kuwa ya kan zo rangadi jifa-jifa. Aikinsa wanke gyambo, da ba da kwinin, da maganin tsutsar ciki da ciwon ido, da yin lamba. Mai raini zai ce ƙaramin aiki ne. Amma gyambon da aka wanke da wuri shi ne ƙafar da ba a yanke ba, shi ne kuma manomin da bai rasa damina ba.

Babu abin da ya nuna amfaninsa kamar ciwon barci, wanda ƙudan tsando ya ke kawowa daga duhuwar bakin rafi. A shekarun 1930 ciwon ya yi ɓarna ƙwarai a lardin Zariya da maƙwabtansa. Aka kafa ƙungiyoyin ma'aikata su na bin ƙauyuka, hakimi da dagaci su tara jama'a, a lalubi wuyan kowa a nemi kaluluwa, wanda aka same shi da ciwon a yi masa allura. A 1937 aka yi doka ta sare duhuwar bakin rafi. A ƙasar Anchau kuwa aka wuce nan: aka share rafuka, aka haƙa rijiyoyi na siminti, aka rage cunkoson tsohon gari, aka gina sabo aka sa masa suna Takalafiya.

Amma ga abin lura. Ƙungiyar allura baƙuwa ce, ta kwana kaɗan ta wuce, ciwo kuwa ɗan gari ne. Saboda haka aka bar ɗakunan magani a wuraren da ciwon ya yi ƙarfi, domin duk wanda ya ji alamarsa ya je a duba shi tun bai kwanta ba, a kuma rubuta a littafi. Daga littafin nan ne likita ya ke gane rafin da tsando ya komo. Watau ƙaramin asibiti ba hannu ne kaɗai ba, ido ne kuma.

Wannan aikin na ido ya sāke bayyana can gabas, a garin Lassa na ƙasar Borno. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta ƙaramin asibitin mishan na garin ta kamu da wani zazzaɓi da ya ƙi jin magani. Aka kai ta Jos, ta rasu, masu jinyarta biyu suka kamu. Da aka bi sawun abin sai aka gane cuta ce da likitoci ba su san ta ba, ita ce har yau a ke kira zazzaɓin Lassa. Da babu asibiti a wurin, da sai a binne matattu a ce iska ce ko maita, a kai maƙwabci ƙara gaban alƙali a kan laifin da bai yi ba.

Haka kuma manyan nasarorin da muka gani ba a birni aka ci su ba. Agana, wadda ta makantar da kakanninmu, ta ƙare a Nijeriya a 1970 bayan lambar da aka bi ƙauye-ƙauye a na yi. Kurkunu, mai kwantar da manomi daidai lokacin noma, an ga na ƙarshe a 2008, aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi a 2013, da ƙoƙarin ma'aikatan ƙauye masu raba matatar ruwa da kai rahoto.

A 1976 aikin En'e ya koma hannun ƙananan hukumomi, ɗakunan magani na cikin gadon da suka karɓa. Gado kuwa amana ne. Ɗakin da rufinsa ke yoyo, ko kabad ɗinsa babu magani, ko malaminsa ya tare a birni, sunan asibiti kawai gare shi, ya mai da jama'a zamanin jaki. Wanda ke rubuta kasafi, da wanda ke riƙe da kuɗi, da hakimin da ke rangadi, kowa na da hannu a ciki. Lafiya uwar jiki, in ji Hausawa, uwa kuwa kusa da 'ya'yanta a ke son ta.

Allah ya jiƙan magabatan da suka yi wannan aiki, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Amin.